Digiri na Biyu ko Horon Aiki: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Likitancin Nukiliya?

Ɗalibin Hoto

Assalamu alaikum, malamai da manyan wannan zaure. Na kammala digirin farko a fannin ɗaukar hoton asibiti, kuma yanzu ina aiki a ɓangaren ekisire da CT, amma zuciyata ta karkata ga likitancin nukiliya, musamman hoton SPECT da PET, manyan nau'o'in hoto biyu na wannan fanni. Abin da ya ja hankalina shi ne bambancinsa da aikin da na saba, domin ekisire da CT suna harba haske ne daga waje su nuna siffar gaɓa, shi kuwa wannan fanni ana shigar da ɗan ƙaramin sinadari mai fitar da radiyeshin cikin jikin majinyaci, sannan na'ura ta bi sawunsa ta nuna yadda gaɓar take aiki. Shawarar da nake nema ita ce, shin in nemi digiri na biyu kai tsaye, ko kuwa in fara neman sashen da zai karɓe ni in koyi aikin da hannu tukuna? Wasu sun ce mini takarda ce ke buɗe ƙofa, wasu kuma sun ce ɓata lokaci ne. Ina roƙon waɗanda suke cikin aikin su haska mini.

Ma'aikaciyar Kyamarar Gamma

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni dai ra'ayina a fili yake: ka shiga sashe ka ga aikin da idonka kafin ka ɗaure kanka da karatun shekara ɗaya ko biyu, domin mutane da yawa suna son hotunan masu launi da suke gani a kwamfuta, amma ba su san yadda safiyar mai wannan aiki take ba.

Kafin majinyacin farko ya shigo, akwai ayyukan da ba a tsallakewa. Za a tatsi janaretar molibdinam-99, wato tukunyar da wannan sinadari yake rikiɗewa a cikinta, da ruwan gishiri na asibiti don a fitar da teknishiyam-99m, sinadarin da ake yi wa majinyata allurarsa, a auna ƙarfinsa, a kuma tabbatar molibdinam bai biyo ruwan ba fiye da iyakar da aka yarda. Ita kanta na'urar awon sai an gwada ta da wani sinadari mai daɗewa kamar siziyam-137, a ga ko karatunta na yau ya yi daidai da na jiya. Sai a koma kan kyamara a ɗora mata faifan kobalt-57, a ɗauki hoton da ya kamata ya fito bai ɗaya ko'ina, domin idan akwai tabo a fuskar kyamarar, wannan tabon zai bayyana a jikin majinyaci kamar cuta. Duk wannan kana yin sa ne agogo yana cin kayanka, saboda ƙarfin teknishiyam yana raguwa da rabi a kowace awa shida, har ya zama bayan kwana ɗaya abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha shida ba.

Sannan ga mu'amala da mutane, wadda ta fi ta ekisire tsawo nesa ba kusa ba. Wanda ya zo hoton ƙashi za ka yi masa allura, ka ce ya sha ruwa da yawa, ya dawo bayan kamar awa uku, sannan ya kwanta ba motsi na tsawon lokaci, alhali wataƙila ciwon dajin da ke ƙashinsa ne yake hana shi kwanciya. Idan ba ka iya samun jijiya a hannun da maganin daji ya gajiyar ba, ko ba ka iya kwantar wa mutum hankali idan ya ji kalmar nukiliya ya tsorata ba, babu darasin aji da zai cece ka.

Malamin Fiziks

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ina ganin an yi gaggawar amsa tambayar kafin a gyara ta. Likitancin nukiliya ba sana'a ɗaya ba ce, kuma amsar tana canzawa gwargwadon kujerar da mutum yake hari. Akwai ma'aikacin da ke yin allura da sarrafa kyamara, wanda shi Malama ta siffanta. Akwai likitan da ke karanta hoton ya kuma ba da magani, wanda ba a kai wa gare shi sai ta digirin likitanci da horon ƙwarewa. Akwai masanin haɗa magungunan radiyeshin, wanda tushensa harhaɗa magunguna ne ko kemistiri. Sai kuma masanin fiziks na asibiti, wanda ke da alhakin ingancin na'urori da lissafin radiyeshin da ke shiga jiki da kariyar ma'aikata.

Ga wannan na ƙarshe, digiri na biyu ba ado ba ne, sharaɗi ne. Tsarin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya take ba da shawara a kansa shi ne digirin farko a fiziks ko makamancinsa, sai digiri na gaba a fiziks na asibiti, sai horo a asibiti ƙarƙashin kulawa na aƙalla shekara biyu, kafin a kira mutum ƙwararre. Saboda haka wanda ya ce takarda ɓata lokaci ce, bai faɗi wace kujera yake nufi ba.

Ko ga ma'aikacin kyamara ma ba zan rage darajar karatu mai zurfi ba. Kyamarar da Hal Anger ya ƙera a Bakale ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950 har yau tsarinta ne tushen yawancin na'urorin SPECT, wato lu'ulu'un sodiyam ayodaid da ke mayar da hasken gamma walƙiya, da bututun da ke bayansa suna gano inda walƙiyar ta auku. Mutum zai iya danna maɓallanta shekaru bai san wannan ba, amma ranar da hoto ya fito da zobba ko duhu a gefe guda, wanda ya san cikin na'urar ne zai bambanta laifin na'ura da cutar majinyaci. Haka PET take, inda ƙwayar fositiron take haɗuwa da ilektiron su ɓace tare, su saki haske biyu masu ƙarfin 511 keV (ma'aunin ƙarfin hasken) da ke tafiya a kishiyar juna, na'ura ta kama su a lokaci guda. Hoton da ake gani lissafi ne ya gina shi daga miliyoyin irin wannan haɗuwa, kuma wanda bai fahimci lissafin ba zai riƙa yarda da duk abin da kwamfuta ta zana masa.

Ɗalibin Hoto

Na gode, Malam. Gaskiya ban taɓa rarraba abin haka ba. Tushen karatuna ba fiziks ba ne, kuma ba na jin zan koma makarantar likitanci, don haka kujerar ma'aikacin kyamara ce ta fi kusa da ni. Amma shin ba za ta zama iyakata ba ke nan idan ban ƙara karatu ba?

Likitan Nukiliya

Ɗana, kada ka ɗauki wannan kujera da sauƙi, domin rahoton da nake sa wa hannu a kan aikinku yake tsayawa ko ya faɗi. Bari in ba ka misali da hoton FDG, wanda shi ne mafi yawan abin da ake yi da PET. Sinadarin sukari ne da aka liƙa wa fulorin-18, kuma ƙwayoyin ciwon daji da dama suna zuƙar sukari fiye da na lafiya, shi ya sa suke haskawa. To amma ba su kaɗai suke son sukari ba. Idan majinyaci bai yi awa huɗu zuwa shida ba tare da cin abinci ba, insulin zai tura sinadarin cikin tsoka. Idan ya yi ta surutu a cikin awar da ake jira bayan allura, tsokar maƙogwaronsa za ta haska. Idan ɗakin jira ya yi sanyi, wani nau'in kitse da ke wuya da kafaɗu zai kama wuta a hoton, ya yi kama da kaluluwar da daji ya shiga. Idan kuwa allurar ta zube a ƙarƙashin fata ba a rubuta ba, lambar da muke kwatanta hoton bana da na bara da ita, wato SUV, za ta fito ƙasa da gaskiya, har in ce magani yana aiki alhali ba ya yi. Duk waɗannan a hannun ma'aikaci suke, ni ba na wurin lokacin da suke faruwa.

Game da iyaka kuwa, fannin yana faɗaɗa ne ta ɓangaren da mutane ba su cika kallo ba, wato magani. Abin ba sabo ba ne, tun 1941 Saul Hertz ya fara ba masu cutar tairod ayodin mai radiyeshin a Boston, kuma har yau ayodin-131 yana cikin manyan makamanmu. Abin da ya canza shi ne haɗa hoto da magani a kan manufa ɗaya: a ɗauki hoto da galiyam-68 a ga ko ciwon yana kama wani sinadari, idan yana kamawa sai a liƙa wa irin wannan sinadarin lutishiyam-177 ya je ya ƙona ƙwayoyin daga ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin waɗannan magunguna biyu, wato Lutathera a 2018 don wasu ciwace-ciwacen daji na hanji da na gaɓar da ke fitar da insulin, sannan Pluvicto a 2022 don dajin furosteti da ya bazu. Kowane irin wannan magani yana buƙatar ma'aikatan da suka iya ɗaukar hoto bayan an ba da shi, da waɗanda suka iya lissafin abin da ƙoda da ɓargo suka sha. A nan ne karatu mai zurfi yake biyan mai shi, amma a ganina sai bayan hannu ya faɗa.

Mai Haɗa Magungunan Radiyeshin

Akwai abin da duk ba ku taɓo ba, kuma shi ne yake yanke hukunci a kan ko mutum zai sami aikin yi bayan ya gama karatu. Ekisire idan akwai na'ura da wutar lantarki an gama magana. Mu kuwa kayan aikinmu kamar ƙanƙara yake a hannun mai talla, tun daga lokacin da aka yi shi yake narkewa. Molibdinam-99 yana raguwa da rabi a awa 66, shi ya sa janareta ba ta wuce mako ɗaya ko biyu tana amfani, kuma dole a riƙa kawo sabuwa a kai a kai. Fulorin-18 kuwa minti 110 ne kawai, don haka sashen PET ba ya rayuwa sai da injin saikulotoron, mai samar da sinadarin, a cikinsa ko a tazarar da mota ko jirgi zai iya kaiwa cikin 'yan awanni. Idan majinyaci ya makara da awa biyu, abin da aka auna dominsa ya koma ƙasa da rabi.

Kuma mafi yawan molibdinam na duniya daga injunan nukiliya na bincike ƙalilan yake fitowa, irin su BR2 a Beljiyam, da HFR a Fetan ta ƙasar Holan, da SAFARI-1 a Afirka ta Kudu, da OPAL a Ostireliya. A shekarar 2009 injin NRU na Kanada ya tsaya saboda yoyo, a 2010 kuma aka rufe na Holan don gyara alhali na Kanada bai dawo ba, sai asibitoci a ƙasashe da dama suka riƙa ɗage hotunan majinyata, ganin cewa kusan kashi 80 cikin 100 na gwaje-gwajen wannan fanni da teknishiyam ake yin su. An rufe injin Kanada ɗin dindindin a 2018.

Abin da nake nufi shi ne, kafin ka zaɓi wurin karatu ko wurin aiki, ka tambayi yadda kayan suke isowa da kuma sau nawa aka dakatar da aiki saboda rashinsu. Sashen da ke da kyamara mai tsada amma janareta ba ta zuwa a kan lokaci, ba za ka koyi komai a cikinsa ba sai zama.

Malamin Fiziks

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjata ta cewa kada ƙanenmu ya jingina rayuwarsa a kan sashe ɗaya. Wanda ke da digiri na biyu yana da wasu ƙofofin idan ta asibiti ta toshe, kamar koyarwa, da bincike, da hukumomin da ke sa ido kan kariya daga radiyeshin, da kamfanonin da ke ƙera na'urorin suna kuma horar da masu amfani da su.

Ma'aikaciyar Kyamarar Gamma

Malam, ban musanta ba, amma ina so a bambanta digiri da izinin aiki, domin a nan ne matasa suke faɗawa rami. Na ga waɗanda suka dawo da digiri na biyu mai ɗauke da sunan fannin, suka rubuta kundi mai kyau, amma ba su taɓa zuƙo allura a bayan gilashin dalma ba, kuma hukumar da ke ba da lasisi ba ta san da kwas ɗin nasu ba. Takardar tana hannunsu, amma ba su da ikon taɓa majinyaci. Kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka, alal misali, mutum yana zana jarrabawar NMTCB ko ta ARRT, hukumomin da ke ba ma'aikatan fannin shaidar ƙwarewa, ne bayan ya kammala shirin da aka amince da shi, sannan jihohi da dama suna da nasu lasisin a kai, kuma masu son fiziks na asibiti a can suna duba ko CAMPEP, hukumar da ke tantance irin wannan karatu, ta tantance kwas ɗin. A wasu ƙasashen kuwa fannin reshe ne na ɗaukar hoton asibiti, sai mai lasisin ya ƙara difloma ta gaba da digiri yana cikin aiki.

Don haka, ƙanena, tambayar farko ga kowace jami'a ba sunan digiri ba ce. Ka tambaye su wata nawa za ka yi a cikin sashe, da hannun wa za ka koya, da kuma ko hukumar ƙasar da kake son yin aiki a cikinta tana karɓar takardarsu. Ka kuma san cewa kana da jari a hannunka wanda mu da muka fara da kyamarar gamma kaɗai ba mu samu ba. Tun da David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa PET da CT a na'ura ɗaya, aka gwada ta farko a Pitsbag a 1998, ta kuma shiga kasuwa a 2001, kusan babu wanda yake sayen PET ita kaɗai, kuma SPECT ma ta bi sahu. Wanda ya riga ya iya CT da gane sassan jiki a hotunansa na yanka-yanka ya ci rabin tafiyar.

Ɗalibar Shekarar Ƙarshe

Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar, domin nima ina da sha'awar fannin amma ana ta tsorata ni. Shin gaskiya ne masu wannan aiki suna shan radiyeshin fiye da na ekisire, kuma me ke faruwa idan ma'aikaciya ta sami juna biyu?

Malamin Fiziks

'Yata, tambayar a kan hanya take. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta ma'aikacin nukiliya yana samun fiye da na mai ekisire na yau da kullum, saboda shi mai ekisire yana fakewa a bayan bango ya danna maɓalli, da zarar an kashe na'ura kuma babu sauran komai, mu kuwa bayan allura majinyacin ne da kansa yake fitar da hasken, kuma dole a tsaya kusa da shi a gyara masa kwanciya. Amma abin a ƙididdige yake. Ƙa'idar da ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshin, ta shimfiɗa, wadda ƙasashe da yawa suka ɗauka, ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha) a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar, kada kuma ya haura 50 a shekara guda. Don ki sami abin kwatance, matsakaicin abin da ɗan Adam yake samu daga ƙasa da iska da sararin sama shi ne kusan milisibat 2.4 a shekara, ko da bai taɓa shiga asibiti ba. A sashen da ake bin doka, ma'aikata suna tsayawa ƙasa da iyakar sosai, kuma kowa yana rataye da ma'aunin da ake karantawa lokaci-lokaci.

Kariyar ta dogara ne a kan rage lokaci, da ƙara tazara, da sa shamaki. Idan kika ninka nisanki da majinyaci, abin da ke isowa gare ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka taku ɗaya baya yana da daraja. Game da juna biyu, da zarar ma'aikaciya ta sanar, ana tsara aikinta yadda abin da zai kai ga ɗan tayi ba zai wuce kusan milisibat 1 ba a sauran watannin, wanda yakan nufi a janye ta daga ɗakin haɗa magani da aikin ayodin-131, ba a kore ta daga aiki ba. Shi ya sa sanarwa da wuri take da muhimmanci.

Ma'aikaciyar Kyamarar Gamma

In ƙara a kan maganar Malam, wurin da ya fi shan wahala shi ne yatsu, ba ƙirji inda ake rataya ma'auni ba. Iyakar hannu milisibat 500 ce a shekara, kuma mai zuƙo allurai kullum yana iya matsawa kusa da ita idan yana riƙe sirinji ba tare da rigarta ta tangistin ba, shi ya sa muke sa ma'auni mai kama da zobe. Sababbi sukan cire rigar sirinjin saboda tana da nauyi kuma tana hana ganin jinin da ya dawo, wannan kuwa mummunar al'ada ce da take wuyar bari. Kuma kada rigar dalmar da kuka saba da ita a ekisire ta ruɗe ku. Dalma mai kaurin kusan sulusin milimita tana rage hasken teknishiyam da rabi, amma na PET sai an kai kusan milimita huɗu, don haka a ɗakin PET rigar nauyi kawai take ƙara miki tana rage miki sauri, saurin kuwa shi ne kariyar.

Likitan Nukiliya

Tunda 'yarmu ta shigo, ya kamata ta san cewa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana ta buɗe wani shirin tallafi a 2020 mai ɗauke da sunan Marie Skłodowska-Curie, domin mata masu karatun digiri na biyu a fannonin nukiliya. Hukumar tana kuma tura ma'aikatan lafiya horo a asibitocin wasu ƙasashe, kuma a 2022 ta ƙaddamar da shirin Rays of Hope don taimaka wa ƙasashen da ke da ƙarancin cibiyoyin gano ciwon daji da maganinsa. Sai dai irin wannan horon yawanci ta hannun gwamnati da cibiyar da mutum yake aiki ake nema, ba kai tsaye ba, wanda hakan ya ƙara wa maganar Malama ƙarfi, domin wanda yake cikin sashe ne ake iya miƙa sunansa.

Malamin Fiziks

Likita, na karɓi wannan ga ma'aikacin kyamara, amma da sharaɗi guda. Kada "sai hannu ya faɗa" ya zama "har abada", domin na ga masu hazaƙa da albashi da jadawalin aiki suka riƙe har lissafin da suka sani ya tsere musu. Idan ƙanenmu zai shiga sashe, to ya riƙa bitar lissafin raguwar sinadari da ƙididdiga tun yanzu, ya kuma sa wa kansa lokacin da zai koma aji.

Ɗalibin Hoto

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan fara da rubuta wa hukumar lasisi in ji waɗanne takardu take karɓa, sannan in nemi izinin zama a wani sashe na 'yan makonni in ga aikin. Tambaya ɗaya ta rage mini ga Malam mai haɗa magunguna: idan sashen yana da kyamarar gamma kaɗai babu PET, ya isa wurin fara koyo?

Mai Haɗa Magungunan Radiyeshin

Ya isa ƙwarai, muddin janareta tana zuwa kuma majinyata suna shigowa. A nan za ka koyi tatsar janareta, da haɗa teknishiyam da MDP don ƙashi ko sestamibi don zuciya, da gwajin da ake yi a kan ɗan siririn takarda don tabbatar sinadarin ya kama maganin kafin a yi wa mutum allura, da yadda ake share wurin da digo ya zuba a auna shi a rubuta. Idan ka je, ka nemi a nuna maka littafin da suke rubuta gwajin kyamara na kullum da na na'urar awo, ka duba ko akwai ranakun da aka bari babu komai alhali an ɗauki hoton majinyata a cikinsu.